Ƙaramin Ɗan Kasuwa da Kujerar Majalisar Dokokin Jiha

Kujerar majalisar dokokin jiha ita ce mafi ƙanƙanta a cikin kujerun da hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ke shirya zaɓensu a jihohin Nijeriya. Abin da ke ƙasa da ita, wato ciyaman da kansila, hukumomin zaɓe na jihohi ne ke gudanar da nasu, kuma jam'iyyar gwamna ce ta saba kwashe su. Saboda haka duk mai shago ko mai ƙaramar masana'anta da zuciyarsa ta raya masa siyasa, yakan ɗauki wannan kujera a matsayin tsanin da ƙafarsa za ta iya kaiwa. A zaɓen 2023 an yi takarar irin waɗannan kujeru 993 a jihohi 36. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce kada majalisar jiha ta gaza mutum 24, kada kuma ta wuce 40. Kano da Legas ne ke da arba'in arba'in, Katsina da Kaduna na da 34, Jigawa da Sakkwato 30, Zamfara da Kebbi 24. Da yake Kano na da ƙananan hukumomi 44, sai aka haɗa wasu biyu-biyu a mazaɓa ɗaya, kamar Rimin Gado da Tofa, da Bagwai da Shanono, da Kura da Garun Malam.

Ta fuskar doka, ƙofar a buɗe take warwar. Sashe na 106 na kundin ya nemi abu huɗu kawai: mutum ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekarun da aka yanka, ya yi ilimi har matakin sakandare ko kwatankwacinsa, sannan ya zama ɗan wata jam'iyya da ta tsayar da shi. Shekarun a da talatin ne, sai aka rage su zuwa 25 a gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Mayun 2018. Maganar ilimi kuwa ta fi yadda ake zato sauƙi, kuma kamar da ɗan kasuwa aka tsara ta. Sashe na 318 ya fassara “kwatankwacin” takardar sakandare har ya haɗa da wanda ya gama firamare, in dai ya yi aikin shekara goma a gwamnati ko a harkar masu zaman kansu, ya halarci kwasa-kwasan da jimillarsu ta kai shekara guda, kuma yana iya karantawa da rubutawa da magana da Turanci gwargwadon yadda hukumar zaɓe ta gamsu. Ke nan yaron shagon da aka cire daga makaranta aka kai Kantin Kwari, ya girma har ya zama mai gidan kansa, doka ba ta rufe masa hanya ba. Abin da ta hana shi ne ya je ya sayo takardar bogi don ya rufe kunya, domin gabatar da takardar jabu na cikin abubuwan da ke soke takara, kuma shi ne wurin da lauyoyin abokan hamayya suka fi fara tono.

Akwai wani fifiko ma da ɗan kasuwa ya samu a kan ma'aikacin gwamnati. Malamin makaranta ko akawun ma'aikata dole ya ajiye aikinsa aƙalla kwana talatin kafin zaɓe, ya shiga takara ba albashi, ba tabbacin komawa. Mai shago babu wanda zai ce ya rufe shagonsa. Sharaɗin da ya shafe shi kai tsaye shi ne na fatarar kuɗi, wanda ya hana takara ga mutumin da kotu ta ayyana cewa ya kasa biyan bashin da ke kansa kuma ba a sallame shi ba. Karayar kasuwa ta yau da kullum, irin wadda ake cewa wane ya karye, ba ta shiga ciki ba sai in magana ta kai gaban alƙali.

Sharaɗi na huɗu, na jam'iyya, shi ne wurin da gizo ke saƙar. Nijeriya ba ta amince da ɗan takara mai zaman kansa ba, don haka komai farin jinin mutum a unguwa, sunansa ba zai kai ga akwati ba sai ta hannun jam'iyya. Farashin fom kaɗai ya isa ya nuna bambanci. Kafin zaɓen 2023, APC ta sayar da fom ɗin majalisar jiha a kan naira miliyan biyu, PDP kuma dubu ɗari shida. APC ta yi wa masu ƙasa da shekara arba'in rangwamen rabi, ta kuma yafe wa mata da masu buƙata ta musamman babban kason kuɗin. Ga mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa ko mai shagon waya a kasuwar Farm Centre, miliyan biyu ba abin da zai gagara ba ne. Amma fom kuɗin shiga fili ne kawai; wasan yana gaba.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanya uku ta fitar da ɗan takara: ƙato bayan ƙato, inda kowane ɗan jam'iyya mai kati zai zaɓa, zaɓen daliget, da masalaha. Kowace da irin kuɗin da take ci. A zaɓen daliget mutanen kaɗan ne, ana iya lissafa su da sunayensu da gidajensu, kuma wannan ƙarancin ne ke ɗaga darajarsu. Ɗan takara yakan bi su gida-gida bayan sallar isha'i, da buhun shinkafa a but, da ambulan a aljihu. Kowa zai karɓe shi hannu biyu, ya ce ai Alhaji kai ne namu, alhali abokin hamayyarsa bai daɗe da tashi daga kan tabarmar ba. Masalaha kuwa, doka ta ce sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta cewa sun janye da yardarsu. A aikace sau da yawa ana kiran masu neman takara ne a ce musu mai girma gwamna ko jagora ya riga ya nuna wanda yake so, a ba su haƙuri, a miƙa musu biro. Wannan shi ne abin da 'yan siyasa ke kira ɗauki-ɗora, kuma kuɗin fom ba a cika mayar da shi ba.

A nan ne ɗan kasuwa ke gane cewa ilimin ciniki da na siyasa sun yi hannun riga a wuri guda mai muhimmanci. A kasuwa, in ka biya kuɗi an ba ka kaya, in ka ba da bashi akwai littafi da shaidu, in aka ci amanarka akwai shugabannin layi da za ka kai wa ƙara. A wajen daliget babu rasit. Wanda ya saba auna komai da riba da faɗuwa yakan daɗe kafin ya yarda cewa ya zuba kuɗi a wurin da ba a bin bashi.

Wanda manyan jam'iyyu suka hana tikiti yakan koma ƙaramar jam'iyya, inda fom ke da araha kuma babu layi. Matsalar ita ce takardar ƙuri'a a Nijeriya alamar jam'iyya take ɗauke da ita, ba sunan ɗan takara ko hotonsa ba, kuma a mafi yawan jihohi ana yin zaɓen majalisar jiha rana ɗaya da na gwamna. Mai jefa ƙuri'ar da ya fito don gwamnansa yakan dangwala wa alama ɗaya a takardun biyu, abin da ake kira sak. Masu kiran a zaɓi cancanta, ko a yi wake da shinkafa, suna samun masu saurare, amma guguwar gwamna ta fi su ƙarfi a mafi yawan mazaɓu. Guguwar nan tana iya zama alheri: a 2023 NNPP, wadda shekara guda kafin nan ba a lissafa ta cikin manya, ta lashe kujerar gwamnan Kano da rinjayen majalisar jihar, ta tafi da 'yan takararta na ƙasa. Haka jam'iyyar PRP ta yi a tsohuwar Kano a 1979. Tarihin siyasar talakawa a Arewa ma da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu aka gina shi. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950 ta dogara ƙwarai ga teloli da mahauta da 'yan tireda. Sai dai su a lokacin gudummawar kwabo da sisi suke tarawa jam'iyya, yanzu kuwa jam'iyya ce ke jiran abin da ɗan takara zai kawo.

Bayan samun tikiti sai doguwar jira. A zagayen 2023 an kammala zaɓukan fidda gwani a farkon Yunin 2022, an buɗe kamfen na jihohi a watan Oktoba, zaɓen kuma bai zo ba sai 18 ga Maris 2023, bayan an ɗaga shi da mako guda don a sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Wata tara ke nan da ɗoriya mutum yana amsa sunan ɗan takara, kuma wannan suna yana da farashi na kullum. Tun da asuba ƙofar gidansa a cike take. Wannan matarsa ta haihu, wancan an rubuta masa magani, wata ƙungiyar matasa na son rigunan ƙwallo, masallacin unguwa na neman janareta, ga sojojin baka da sai an saya musu fili a rediyo, ga masu tallata shi a Facebook da TikTok da ke jiran kuɗin data. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai karya mutum shi kaɗai. Taruwarsu ce ke yi, kamar yadda ɗigon ruwa ke cika tulu, sai dai a nan tulun zubewa yake yi.

Lissafin ranar zaɓe kuma ana iya yin sa da alƙalami. Jihar Kano na da rumfunan zaɓe 11,222 a mazaɓun kansiloli 484. In aka raba wa kujeru arba'in, kowane ɗan takara yana fuskantar rumfa kimanin 280. Kowace rumfa tana buƙatar wakili da zai tsaya tun daga buɗe akwati har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓo kwafin takardar sakamako. Sai an ciyar da shi, an ba shi kuɗin mota da na kati, an kuma ba shi abin da zai hana shi sauraron tayin ɗaya ɓangaren. Ɗan takarar babbar jam'iyya yana raba wannan nauyi da ɗan takarar gwamna. Na ƙaramar jam'iyya shi kaɗai zai ɗauka, kuma rumfar da ba shi da wakili a cikinta sai abin da aka rubuta masa.

Dokar 2022 ta ƙayyade cewa ɗan takarar majalisar jiha kada ya kashe fiye da naira miliyan talatin, ninki uku na miliyan goman da dokar 2010 ta yanka. Wanda ya ƙetare iyakar da saninsa, hukuncinsa a wannan doka tarar kashi ɗaya cikin ɗari na adadin ne, ko ɗaurin da bai wuce shekara ba, ko duka biyun. Kashi ɗaya cikin ɗari na miliyan talatin dubu ɗari uku ne, wato bai kai kuɗin fom ba. Ga attajiri ko wanda ke kan kujera, iyakar ba ta hana komai. Ga ƙaramin ɗan kasuwa kuwa maganar ba ta ƙetare iyaka ba ce, domin miliyan talatin na iya zama duk abin da ya mallaka, har da kayan da ke kan kanta.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Wannan ita ce tambayar da ta bambanta takarar mai shago da ta kowa. Mafi yawan ƙananan harkoki ba su raba aljihun mai gida da aljihun shago ba. Lalita ɗaya ce, asusun banki ɗaya ne, injin POS ɗaya ne. Da farko riba ake taɓawa. Idan ta ƙare sai a shiga uwar kuɗi da niyyar mayarwa bayan zaɓe. Alamar farko takan bayyana a kan kanta: mai atamfar da ya saba sarin dila goma ya koma biyar, launukan da mata ke tambaya babu su, abokin ciniki ya zo sau biyu bai samu ba sai ya gane shagon maƙwabci. Sannan dilolin da ke ba shi kaya bashi su fara ja da baya, domin labarin ya shiga siyasa yakan riga shi isa wurinsu, kuma a kasuwa ba a ɗaukar wannan labari a matsayin albishir. Masu riƙe da bashinsa su ma sai su yi kwance, sun san ɗan takara ba zai aika a yi musu tijara ba alhali yana neman ƙuri'ar gidansu. Yaran shago kuma, da mai gida ya yi wata uku ba ya zama, sai Allah ya kiyaye. Wanda ya yi wa harkarsa rajistar kamfani a hukumar CAC yana da ƙarin takunkumi, domin dokar kamfanoni ta hana kamfani bayar da dukiyarsa ga jam'iyya ko don wata manufa ta siyasa. Wannan hani, in an bi shi, kariya ce ga shagon daga mai shi.

Zagayen 2023 ya ƙara wa wannan wuta fetur. Canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi a watannin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da kamfen ya fi zafi. Ɗan kasuwar da ke takara ya sha duka ta gefe biyu, ciniki ya tsaya a shago, ga kuma jama'ar da ba ta karɓar uzuri.

Duk da haka, ɗan kasuwa yana shiga fagen da wani jari da lauya ko ɗan bokon da ya dawo daga Abuja ba su da shi. An san shi, an san inda yake zama, an san wanda ya yafe wa bashi lokacin da gobara ta ci rumfarsa, an san yaran da ya yaye ya buɗe musu nasu shagunan. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a suna da tsari na shugabanni da taro da adashi, wanda ke iya zama injin kamfe ba tare da an gina sabo ba. Sai dai jarin nan yana da iyaka ta ƙasa. Abokan cinikin babbar kasuwa daga ko'ina suke zuwa, har daga Maraɗi da Damagaram, kuma katinsu ba na mazaɓarsa ba ne. Mutum na iya zama sananne a layinsa na kasuwa, a garinsu kuwa a ce sai lokacin zaɓe ya tuna da gida. Siyasa kuma tana raba abokan ciniki: wanda ya sa jar hula ko ya ɗauki tsintsiya ya zaɓi ɓangare, alhali shago na kowa ne. Mata, waɗanda ke riƙe da ɗimbin ƙananan sana'o'i daga cikin gida, sun fi kowa nisa da kujerar. Majalisun Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da aka zaɓa a 2023 babu mace ko ɗaya a cikinsu, duk da rangwamen fom.

Idan aka ci zaɓe, sai doka ta fito da wani sharaɗi da 'yan takara kaɗan ne ke karantawa tun farko. Kafin ya zauna a kujera, zaɓaɓɓen ɗan majalisa sai ya bayyana kadarorinsa da basussukansa. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin, wadda ta haɗa da 'yan majalisa, ta hana mai riƙe da muƙami na cikakken lokaci shiga cikin gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Ta kuma hana shi riƙe asusun banki a ƙasar waje, abin da ya shafi mai sarin kaya daga Dubai ko Guangzhou kai tsaye. Mallaka ba ta haramta ba, gudanarwa ce ta haramta. Don haka shagon da ya haifi takarar sai a damƙa shi ga ƙane ko babban yaro, a rubuce ko da baki, onarabul ya riƙa leƙowa da daddare yana duba littafi.

Aikin da ya samu a madadin shagon ba ƙarami ba ne a takarda. Majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ke tantance kwamishinoni, tana da ikon bincike da ikon tsige gwamna, kamar yadda majalisar Kaduna ta tsige Gwamna Balarabe Musa a Yunin 1981. Babu gyaran kundin tsarin mulki da zai wuce sai majalisun jihohi 24 sun amince. Dole ta zauna kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba zai iya rasa kujerarsa. Harshen aiki Turanci ne, amma sashe na 97 ya yarda majalisa ta ƙara da wani harshen jihar in ta zartar da ƙuduri. Dokokin haraji na jiha, da na kasuwanni, da na filaye da rumfuna, da yawan masu rasit da ke bin shago ɗaya, duk ta gaban wannan zaure suke bi, kuma a nan ne wanda ya taɓa biyan kuɗin shara sau biyu a wata ɗaya yake da abin faɗa da babu a littafi.

Ko zai samu bakin faɗa, wannan ya danganta da wanda ya ba shi tikiti. Ana yi wa majalisun jihohi kirari da 'yan amshin shata, kuma ba a rasa dalili ba. A gyaran kundi na 2010 majalisun da kansu suka kasa ba da rinjayen da ake buƙata don a ba su 'yancin sarrafa kuɗinsu. Sai a 2018 aka samu gyaran, aiwatar da shi kuma ya zama wani dogon rikici da gwamnoni. A Kano, majalisa ta zartar da dokar ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye cikin 'yan kwanaki a Mayun 2019 bisa buƙatar gwamnati mai ci, wata majalisar kuma ta rushe masarautun da irin wannan sauri a Mayun 2024 bisa buƙatar gwamnatin da ta gaje ta. Sabon ɗan majalisar da ya shigo da bashin kamfe a wuyansa, yana jiran mota da alawus da ayyukan mazaɓu daga ɓangaren zartarwa, ba shi ne zai fara ɗaga yatsa ba.

Wanda ya faɗi yana da kwana 21 daga ranar sanar da sakamako ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kotun na da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60, kuma a shari'ar majalisar jiha Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ƙarshe, ba a zuwa Kotun Ƙoli. Wanda ya ci ma bai tsira ba, domin shi ake ƙara, kuma lauya ba ya aiki da alkawari. A Filato, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisar jiha 16 na PDP a ƙarshen 2023 kan rikicin shugabancin jam'iyyarsu. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujja a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang ta tabbatar masa da kujerarsa, amma 'yan majalisar ba su da hanyar kai tasu ƙarar can. Ga ɗan kasuwar da ya riga ya taɓa uwar kuɗi, zuwa kotu na nufin ƙarin wata takwas na kashewa ba shigowa, shi ya sa da yawa kan bar wa Allah, su koma neman dilan da zai sake ba su kaya bashi.